Allurar Barci da Zuciyar Jariri Mai Ciwon Gado

A 1999 likitoci a Amurka da Turai suka fara gwada wani sabon magani a kan jarirai masu cutar Pompe, ciwon gado wanda kafin lokacin ba kasafai yake barin jariri ya cika shekara ba. Ta jijiya ake ba da maganin, ana ɗiga shi na sa'o'i, a kuma maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Jijiyar hannun jariri kuwa siririya ce, ba ta jure yawan huda. Don haka aka riƙa kai yaran ɗakin tiyata a dasa musu 'yar roba a babbar jijiyar ƙirji, ƙaramin aikin da ake yi kullum a asibitocin yara. Da masu bincike na Jami'ar Duke suka tattara bayanan yara 139 da suka shiga gwaje-gwajen, suka wallafa a 2007, sai ga shi tara daga cikinsu, kusan shida cikin ɗari ke nan, bugun zuciyarsu ya rikice ko ya tsaya cak jim kaɗan bayan an sa su barci. An farfaɗo da wasu. Wasu ba su tashi ba.

Wannan rahoto ya sa likitocin sa barci sake duban wata tambaya da suka daɗe suna kewayawa: me ya sa maganin da dubban jarirai ke sha su farka lafiya yake dagula zuciyar wasu 'yan tsiraru, kuma ta yaya za a gane su kafin allura ta shiga?

Cutar ta samo suna daga Johannes Pompe, likitan binciken gawa ɗan ƙasar Holan. A 1932 ya bayyana abin da ya gani a jikin wata yarinya 'yar wata bakwai: zuciya ta yi girman da ya wuce misali, namanta cike da gilaikojin, wato sukarin da jiki ke ajiyewa don lokacin buƙata. Sai a 1963 Henri-Géry Hers na Beljiyam ya gano dalili. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayoyin jiki mai warware wannan sukarin ajiya, kuma yaran an haife su ba tare da shi ba. Sukarin sai ya yi ta taruwa a tsoka, a harshe, a hanta, fiye da ko'ina kuma a zuciya.

Abin da ke faruwa a kan gadon tiyata ya cancanci a bi shi daki-daki. Bangon zuciyar irin wannan jariri ya yi kauri, ya yi tauri, ramin da jini ke taruwa a ciki ya tsuke. Naman zuciya kuma ba ya samun nasa rabon jinin sai a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da ya saki. Idan naman ya yi kauri, yana buƙatar jini mai yawa, kuma sai da ƙarfi jinin zai ratsa shi har can ciki. To, ga jariri an hana shi nono tun dare, ruwan jikinsa ya ragu. Likita ya zuƙo furofofol, maganin nan fari fat kamar madara da ake turawa ta jijiya, ya tura. Cikin daƙiƙoƙi yaro ya yi laƙwas, jijiyoyin jikinsa suka buɗe, ƙarfin jini ya faɗi. Lafiyayyar zuciya takan shanye wannan faɗuwar ba tare da kowa ya lura ba. Mai kauri kuwa, sashenta na ciki nan take yake rasa iskar oksijin. A fuskar na'ura layin bugun ya fara karkacewa, ƙarar "ƙit, ƙit" da ake ji a jere ta ja baya ko ta harɗe, daga nan zuciyar ta koma makyarkyata kawai, ba ta tura jini ko ɗigo. Danna ƙirji ma ba ya yin aiki yadda aka saba, domin tauri ya hana zuciyar matsuwa. A rahoton na Duke, mace-macen sun fi alaƙa da yaran da nauyin sashen hagu na zuciyarsu ya haura giram 350 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ninkin-ba-ninkin na lafiyayyen jariri.

Daga nan aka sauya salo. Likitocin Duke suka ba da shawarar a guji furofofol da iskar barci mai yawa ga irin waɗannan jarirai, a koma ga ketamin ko etomidet waɗanda ba sa kayar da ƙarfin jini, a kuma cika jiki da ruwa daidai kima kafin a fara. Bayan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin cutar a 2006 da sunan Myozyme, an ga kaurin zuciya yana raguwa cikin watanni. Saboda haka duk aikin da zai iya jira, sai a bar shi har zuciyar ta saki.

Pompe ɗaya ce kawai daga cikin ɗaruruwan cututtukan gado da ke hana jiki sarrafa abinci. Kuma tun kafin a zo ga ciwon gado, jariri shi ne mafi rauni a ɗakin tiyata. Zuciyarsa na bugawa sau 120 zuwa 160 a minti, kuma ba ta iya ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya yadda ta babba ke yi. Idan bugun ya yi ƙasa, komai ya yi ƙasa. Wata rajista da likitocin sa barci na Amurka suka buɗe a 1994 ta fitar da rahoto a 2000 kan yara 150 da zuciyarsu ta tsaya sanadin sa su barci, kuma 55 cikin ɗari ba su kai shekara ɗaya ba. A lokacin, magunguna ne suka jawo 37 cikin ɗari na matsalar, halotan a kan gaba. Da asibitoci suka koma ga sibofulorin, rahoton 2007 ya nuna kason ya sauko zuwa 18. Halotan dai ya daɗe yana aiki a asibitocin Afirka bayan Turai ta ajiye shi, saboda araharsa, kuma an san shi da sa zuciya saurin harzuƙa idan sinadarin adiranalin ya hau.

Wani rukunin cututtukan gadon kuma ya fi Pompe ɓoyuwa, domin sau da yawa jaririn ba ya nuna komai sai yunwa ta taɓa shi. Kafin haihuwa, zuciya da sukari take aiki. Bayan haihuwa sai ta koma ƙona kitse, wanda shi ne babban makamashinta har tsufa. Ana ƙona kitsen ne a cikin mitokondiriya, wasu 'yan ɗakuna a cikin kowace ƙwayar jiki, mataki-mataki, kowane mataki da sinadarinsa. Idan ɗaya ya lalace tun daga gado, kamar a cututtukan da ake kira VLCAD da CPT2, matsala biyu ke tasowa. Ƙarfi ba ya samuwa, sannan guntayen kitsen da aka kasa ƙonewa suna taruwa su ɓata fatar ƙwayoyin zuciya, inda nan ne ake haɗa 'yar wutar da ke tsara bugu. Likitoci a asibitin yara na Necker da ke Faris sun duba majiyyata 107 da suka gani cikin shekara 25, suka wallafa a 1999 cewa a cikin 24, rikicewar bugun zuciya ce babbar alamar da ta fara fito da cutar fili. Wani abin lura a binciken shi ne masu MCAD, wadda ta fi sauran yawa a Turai, ba a ga wannan matsala a cikinsu ba. Ashe ko a cikin dangi ɗaya na cututtuka, haɗarin ba ɗaya ba ne.

Ga irin wannan jariri, azumin da ake sa shi kafin tiyata na iya fin maganin barcin kansa illa. Hantarsa ɗan ƙaramin rumbu ce, sukarin da ke ciki ba ya wuce 'yan sa'o'i. Da ya ƙare jiki zai juya ga kitse, kuma a nan ne hanyar take a toshe. Kuka, tsoro, sanyin ɗakin tiyata da zafin yanka duk suna ƙara tunzura jiki ya fito da kitse. Maganin wannan ba shi da tsada ko kaɗan: ƙarin ruwa mai sukari kashi 10 cikin ɗari tun daga lokacin da aka cire nono, a riƙa auna sukarin jini, a sa yaron farko a jerin masu shiga.

Furofofol ya sake shigowa labari a nan ta wata ƙofa. A 1992 mujallar likitocin Birtaniya ta kawo labarin yara biyar, daga ɗan mako huɗu zuwa ɗan shekara shida, da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman saboda ciwon numfashi, aka riƙa ɗiga musu maganin kwana da kwanaki don su natsu a kan na'ura. Jininsu ya yi tsami, ya yi kauri da mai, bugun zuciya ya yi ta ja da baya har ya ƙi jin magani. Duka biyar suka rasu. Bincike daga baya ya nuna furofofol yana hana kitse shiga mitokondiriya, yana kuma rage aikinsu. Wato yana iya haddasa wa lafiyayyen yaro, na ɗan lokaci, irin ciwon da wani aka haife shi da shi. Ga shi kuma a cikin man waken soya ake narka shi, ƙarin kaya ga jikin da ya kasa ƙona kitse. Iyakar da aka fi ambata ita ce miligiram 4 ga kowane kilo a sa'a, na tsawon fiye da sa'a 48, amma mai ciwon gado yana iya faɗawa kafin a kai nan. Allura ɗaya tak ta fara barci kuwa, likitoci sun rabu a kanta, kuma da yawa suna yin ta ga masu ciwon mitokondiriya ba tare da wani abu ya faru ba.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ke cikin lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba. A takardar awon bugun zuciya, wato ECG, ana kiran wannan tazarar QT. Idan ta yi tsawo, wani bugu na iya faɗowa kafin lokacinsa ya jefa zuciya cikin gudu marar tsari. Ana ganin haka a cutar taruwar sinadarin furofiyonik a jini, da kuma cutar TANGO2, wadda sai a 2016 masu bincike a Houston da Munich suka bayyana ta. Yaro mai TANGO2 yakan yi jinkirin tafiya da magana, sai ranar da zazzaɓi ko yunwa ko tiyata ta taɓa shi tsokarsa ta fara narkewa, fitsari ya yi duhu, QT ta miƙe, zuciya ta shiga rikicin da magungunan da aka saba ba sa kwantar da shi. Bibiyar yaran ta nuna waɗanda ke shan bitamin na rukunin B sun fi tsira daga wannan tashin. Sibofulorin yana ƙara tsawon QT, haka ma ondansetiron, maganin amai da ake bayarwa kusan ba tunani bayan tiyata.

Mai karatu zai ce, to a kashe wurin kawai mana, a bar yaro ido biyu. Sau da yawa hakan ya fi, amma nan ma da sharaɗi. Guy Weinberg na Jami'ar Illinois a Chicago ya ba da rahoto a 1997 kan mara lafiya mai shekara 16 da ciwon gado ya jawo wa ƙarancin kanitin, sinadarin da ke ɗaukar kitse zuwa inda za a ƙona shi. Miligiram 22 kacal na bufibakin, allurar kashe wuri, ya isa ya hargitsa bugun zuciya, alhali wannan kima ba ta kai ta cutar da kowa ba. Neman dalilin haka ne ya kai Weinberg ga gano cewa ruwan mai da ake bayarwa ta jijiya yana karya gubar bufibakin, kuma a 2006 aka ceci mutum na farko da shi a New York. Wani maganin da ake taka-tsantsan da shi shi ne suksametoniyam mai sassauta tsoka. Ga yaro namiji mai ciwon tsoka na Duchenne da ba a kai ga ganowa ba, yana fito da fotasiyam daga tsoka zuwa jini a lokaci guda, zuciya ta tsaya. Tun farkon shekarun 1990 Amurka ta sa gargaɗi mai tsanani a kwalinsa game da yara.

Idan aka jera su haka, sai a ga kamar gaba kura ce baya sayaki, kowane magani da wanda yake kashewa. Gaskiyar ba ta kai nan ba. Cututtukan ba su da yawa, kuma akasarin abin da aka sani ya fito ne daga labarin mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, waɗanda aka rubuta saboda abin ya ɓaci. Wanda ya shiga ya fito lafiya ba kasafai ake rubuta shi ba. Manyan asibitocin da suka koma suka duba tarin masu ciwon mitokondiriya da suka sa barci sun ga mafi yawansu sun farka ba wata matsala, da magunguna iri-iri. Abin da ya fi raba mai tsira da mai faɗawa shi ne ko likita ya san da ciwon kafin ya fara. Jaririn da aka san cutarsa, aka yi masa shiri, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda ake ɗauka lafiyayye ne.

A nan ne maganar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Taiwan ta fara gwada jarirai sabbin haihuwa don cutar Pompe a 2005, kuma a ƙasashe da dama ɗigon jini daga diddigen jariri ya isa a tace cututtuka masu yawa cikin kwanakin farko. A Najeriya da Nijar da Chadi babu irin wannan gwaji ga kowa da kowa. Cututtukan kuwa ba na Turawa kaɗai ba ne. Wani bincike na 1998 ya bi sawun gurɓacewar ƙwayar gado da ta fi jawo Pompe a tsakanin baƙaƙen Amurka, ya nuna daga Afirka aka tafi da ita. Yadda ake gadon mafi yawansu ma ba baƙo ba ne ga wanda ya san sikila: uwa na ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, uba haka, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya haɗa biyun. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya su haɗu, duk da cewa mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke. Matar da ake ce wa mai wabi, wadda take haihuwa suna komawa kafin yaye, a cikin dalilan da ke iya jawo mata haka akwai wannan.

Ke nan kayan aikin da ya fi kowanne amfani a inda babu gwajin gado shi ne tambaya. "Baiwar Allah, haihuwarki nawa? Nawa ke raye? Waɗanda suka rasu suna wata nawa, me ya same su? Ke da maigidan akwai zumunci? A danginku an taɓa sa wani barci bai farka ba?" Ciwon Duchenne ta wajen uwa yake biyowa ya kama maza, saboda haka labarin kawunnan yaro ma yana da amfani. Sai kuma duban jaririn da kansa: jiki saɓule, wuya ba ya tsayawa, harshe ya yi girma, yana gumi yana haki in yana shan nono, hanta ta kumbura. Hoton ƙirji zai nuna zuciya ta cika wuri. Takardar ECG ta mai Pompe kuwa ba ta ɓuya, tsinin bugun yakan yi tsawon da ya wuce saba, har layi ya hau kan layi. Duk wanda ya ga haka kafin aikin ƙaba ko gyaran leɓe, ya kamata ya dakata ya tura yaro a yi masa hoton zuciya.

Ƙarancin ma'aikata na nan, ba a musu. Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya da Nijar da Chadi ba su kai likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali mafi ƙarancin da take nema shi ne biyar. Ma'aikatan jinya da aka horar su ne ke riƙe da yawancin ɗakunan tiyata. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2024 kan yara sama da 8,000 a ƙasashen Afirka 31 ya samu 2.3 cikin ɗari sun rasu bayan tiyata, kusan ninki goma sha ɗaya na ƙasashe masu arziki. Sai dai akwai wani abu da ya zo daidai ba da shiri ba: ketamin, wanda asibitocin karkara suka dogara da shi saboda araha da rashin buƙatar manyan na'urori, shi ne ƙwararru suka fi zaɓa wa jariri mai kaurin zuciya. Yana ƙara saurin bugu, don haka shi ma a hankali ake tura shi.

Abin da ya fi sauƙin gyarawa, ya kuma fi yawan faruwa, shi ne dogon azumi. Ma'aikaciyar jinya ta zagayo da dare ta ce, "Maman yaro, daga sha biyu kar ki ba shi komai, ko ruwa." Gari ya waye, aka shigo da mai naƙuda da ke buƙatar aikin gaggawa, jerin ya koma baya. Hantsi ya yi, azahar ta gabato, uwa na zagaye baranda da yaro a kafaɗa, nono ya cika yana zuba, ita kuma tana tsoron saɓa umarni. Yaron da ya yi ta tsala ihu da safe yanzu ya yi shiru, ana cewa ya haƙura. Ƙa'idar da aka daɗe da amincewa da ita a duniya ta yarda a ba jariri nonon uwa har zuwa sa'a huɗu kafin aiki, madarar gwangwani sa'a shida, ruwa zalla sa'a biyu, wasu ƙungiyoyin Turai ma sun rage na ruwan zuwa sa'a ɗaya. Umarnin sha biyun dare don sauƙin ma'aikata aka ƙirƙire shi, kuma bai dace da jariri ba ko da lafiyayye ne.

Farkawa daga barci ma ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ga masu matsalar ƙona kitse da TANGO2 da ciwon mitokondiriya, tashin ciwon yakan zo bayan sa'o'i, wani lokaci washegari, lokacin da ciwo da amai suka hana yaro kama nono alhali an riga an cire ƙarin ruwa. Don haka ba a sallamar irin wannan jariri a ranar da aka yi aiki, komai ƙanƙantar aikin. Ana barin ruwa mai sukari yana tafiya har sai ya koma shan nono sosai, ana auna sukari da fotasiyam da tsamin jini inda akwai hali, na'urar bugun zuciya kuma tana manne da ƙirjinsa kwana guda aƙalla. Kafin a sallame su, a gaya wa uwa alamomin da za su sa ta dawo ko da tsakar dare ne: amai a jere, ƙin nono, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi da sauri, ko fitsari mai launin baƙin shayi. A kuma rubuta mata a takarda sunan ciwon da ake zargi da magungunan da aka yi amfani da su, ta riƙa nuna wa duk ma'aikacin da zai sake sa yaron barci, shi ko ƙannensa.